Iyakar Birnin Kano ta Asali

Ran nan malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji, ya ba kowa farar takarda, ya ce a zana masa Kano, a kuma ja jan layi bisa iyakarta ta asali. Muka ɗauka abin wasa ne. Kafin a buga ƙararrawa sai ga taswira iri dabam dabam a kan teburinsa. 'Yan cikin birni suka zana ganuwa suka tsaya nan, ko Fagge ba su sa ba. Waɗansu suka kai layinsu har Bompai da Nasarawa, suka ce ai nan ne Gwamnati ta kafa gari. Wani ɗan'uwanmu kuwa, wanda aka haifa a Sabon Gari, ubansa ma can aka haife shi, ya miƙa takardarsa fara fat, ya ce shi bai sani ba ko yana cikin Kano ko yana wajenta, sai abin da aka gaya masa. Aka tuntsire da dariya. Amma da muka koma ɗakin kwana muka sake tauna maganar, sai muka ga ba ta dariya ba ce, shi ya sa muka roƙi Edita ya ba mu fili mu faɗi abin da muka gani.

Abin da muka gani shi ne, Kano iyaka biyu gare ta. Ɗaya kakanninmu suka gina da hannunsu, da jar ƙasa da tubali, ana ganinta tun daga nesa. Ɗayar kuwa Turawa suka ja ta a takarda bayan 1903, safiyo ya bi ya kakkafa turaku, yau ko turke ɗaya ba ka gani. Ta farkon mun bar ta tana zubewa, har muna taya damina cin ta. Ta biyun kuwa mun rungume ta, muna ta gadinta a zukatanmu, alhali masu ita sun tafi tun 1960. Mu a ganinmu an yi zaɓen tumun dare.

Mu fara da ganuwa, gama ita ce babba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, ɗansa Yusa, wanda a ke kira Tsaraki, ya ƙarasa. Wannan ganuwa ta fari ƙarama ce, ta kewaye Dutsen Dala da unguwannin da ke gindinsa, ƙofofinta takwas. Da gari ya cika, Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya tura ta kudu da gabas, ya gina gidan sarautar da har yanzu a ke kira Gidan Rumfa a cikin sabon filin da ya kewaye, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) Wambai Giwa ya sake faɗaɗa ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har Kansakali. To, kun ga ashe ita kanta iyakar ta asali ba wuri guda ta tsaya ba. Duk sa'ad da jama'a suka ƙaru, sai sarki ya ƙara musu zane, ba ya ce wanda bai sami wuri ba ya kwana waje.

Baƙin da suka gan ta da ƙarfinta sun bar mana labari. Clapperton, Baturen Ingila da ya zo cikin 1824 yana kiran kansa Abdullahi, ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ƙofofi 15, ya ce kuma gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke ciki ba. Barth, Bajamushe, watau Abdulkarim, ya zo cikin 1851, ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, in rani ya yi fatake sun sauka su kan ninka. Gwamna Lugga kuwa ya rubuta cikin 1903 cewa kewayenta mil 11 ne, ƙofofi 13, tsayi daga ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40, ga rami riɓi biyu a bayanta, ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Ko ƙidayar wa aka ɗauka, a lura da maganar nan ta rubu'i. Kashi uku cikin huɗu na birni gonaki ne da makiyaya da kududdufai. Ba don ƙarancin mutane aka bar shi haka ba. An bar shi ne domin ran da abokan gaba suka taso, mutanen ƙauye su kwaso iyali da bisashe su shigo, a rufe ƙofa, a yi noma a ciki har a ga bayan fitina. Watau wanda ya auna ganuwa ya auna ta har da rabon wanda bai zo ba tukuna.

Ga kuma shaida ta biyu, wadda ba sai an buɗe littafi ba. A bi sunayen unguwannin cikin birni. Akwai Zangon Barebari, akwai Tudun Nufawa, akwai Agadasawa, akwai Ayagi inda Yarabawa fatake suka zauna tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Nijeriya. Akwai Dandalin Turawa, Turawan nan kuwa ba na Ingila ba ne, Larabawan Tarabulus da Gadamas ne. Akwai Madabo ta malaman Wangarawa da suka zo daga Mali, da Sharifai inda zuriyar Shehu Maghili ta ke. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙo ne ran da ya iso. Ya yi sallama a ƙofa, sarkin ƙofa ya tambaye shi daga ina, aka kai shi wurin mai masauki, in zama ya zo yi a nuna masa fili. Ɗansa ya tashi da Hausa a baki, jikansa kuwa in ka ce masa baƙo sai ku kwana a gaban alkali. Yau wa zai iya zuwa Ayagi ya ce wa mutanenta su ba Kanawa ba ne?

Kada a ce mun mai da zamanin da Aljanna. Ganuwar nan da gayya aka gina ta, da gayya a ke yaɓe ta bayan kowace damina, bayi da talakawa ne kuwa suka ɗauki ƙasar a kansu, ba masu rawani ba. A cikinta aka yi cinikin bayi. Ƙofofinta a kan rufe su da faɗuwar rana, wanda ya makara ya kwana a waje da kuraye. Ba kuma kullum ta ke tsare gari ba, gama Kwararrafa sun taɓa shigowa ta Ƙofar Gadon Ƙaya zamanin Sarki Dadi, cikin ƙarni na 17. Wanda ba Musulmi ba kuwa matsayinsa daban ne, ba mu musun wannan. Duk da haka mun ce iyaka ce mai ƙofa, tana raba lafiya da hatsari, amma ba ta tambayar kakan mutum har abada.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso da mayaƙansa da igwa. Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato da yawancin dakarunsa. Aka fasa Ƙofar Kabuga, kafin yamma birni ya faɗi, Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Cikin watan Afrilu Lugga ya naɗa Wambai Abbas sarki, ya yi alkawari Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addini ba. Daga ran nan aikin ganuwa na yaƙi ya ƙare. Babu sauran Maraɗawa ko Ningawa ko Damagarawa da za a rufe wa ƙofa, wanda kuwa ya ci garin ba shi da bukatar a riƙa yaɓe bangon da ya fasa.

Turawa ba su daɗe cikin birni ba. Suka fita gabas, wajen Nasarawa inda sarki ke da gidan shaƙatawa, da Bompai, suka kafa Bariki. A Nasarawa ɗin nan ne Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantar Gwamnati ta farko cikin 1909, wadda mu duka masu koyon aikin malanta a ƙasar nan jikokinta ne, ko mun so ko mun ƙi. A lura ko ita a bayan ganuwa aka aje ta. Sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, sai ga kamfanoni, ga Kwarori, ga akawuna da masu aikin reluwe da kafintoci daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas. Tambaya ta taso, ina za a sa su? Da tsohuwar al'ada aka bi, da an kai su gun Sarki ya nuna musu fili, ga shi kuwa fili ya yi yawa a cikin birni. Ba a yi haka ba. Cikin 1913 aka yanka musu wani wuri arewa maso gabas da birni, bayan Fagge, aka ja tituna a miƙe kamar gidan dara, aka rarraba fuloti, aka kira shi Sabon Gari.

Dokar da ta ɗaure abin ita ce Dokar Garuruwa ta 1917. Ta kasa garuruwan Nijeriya aji uku, Ikko kaɗai ke aji na ɗaya, Kano ta faɗa aji na biyu. Amma a gane, Kanon da dokar ke nufi ba birnin Dabo ba ne. Abin da su ke kira Taunshif shi ne unguwar Turawa, da tashar jirgi da kantunan kamfanoni, da Sabon Gari. Wannan yanki aka cire shi daga hannun Sarki da alkalansa, aka danƙa wa wani Bature da mutane ke kira Joji, ana hukunci da dokar Ingila. Birni da Fagge suka zauna a hannun En'e. Tsakanin gidajen Turawa da na kowane baƙar fata kuma doka ta ce a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, ba gini. Bature ma an hana shi kwana cikin unguwar baƙar fata. Gari guda, hukuma biyu, shari'a biyu, har da abin da ya halatta a wannan gefen titi ya haramta a wancan, gama giya da aka hana sayarwa a birni an yarda da ita a Sabon Gari.

Dalilin yadi 440 ɗin nan abin a tsaya a kai ne. Cikin 1897 wani likita mai suna Ross ya gano a ƙasar Indiya cewa sauro ke ɗaukar zazzaɓi daga mutum zuwa mutum. Wannan ilmi ne na gaske, duniya duka ta amfana. To, amma dubi abin da aka yi da shi a nan. Likitocin Gwamnati suka ce jinin 'ya'yan baƙar fata cike ya ke da ƙwayar cutar, sauro kuwa ba ya yin tafiya mai nisa, saboda haka a nisanta gidan Bature daga inda yaran su ke. Ba a ce a warkar da yaran ba, aka ce a guje su. Sa'an nan kuku da boyi da mai ba doki ciyawa duk suna kwana a bayan gidan Baturen nan, sai ka ce su sauro ya yi musu alkawari. Filin da aka bari ɗin ma bai zauna banza ba, a garuruwa da yawa nan aka yi filin sukuwa da na wasannin Turawa. Mu dai mun kasa yarda cewa sauro kaɗai aka auna da igiyar nan.

Akwai masu cewa, ciki har da waɗansu malamanmu da mu ke girmamawa, wai wannan rabo alheri ne ga Kano. Hujjarsu ba ta banza ba ce, ya kamata a ji ta. Suka ce sarakuna da kansu ba su so a kawo musu mashaya da majami'u cikin birni, ai tun cikin 1900 Sarki Alu ya sallami Bishop Tugwell da Likita Mila da suka zo neman wurin zama. Suka ce Lugga ya yi alkawari game da addini, raba wurin zama kuwa ita ce hanyar cika shi. Suka ce manyan Turawa irin su Temple, wanda ya riƙe Arewa daga 1914 zuwa 1917, sun yi imani in aka cuɗa mutanen sarki da waɗanda ba su san girman sarki ba, mulkin En'e zai rushe. Suka ƙara da cewa da an shigo da reluwe da kantuna cikin birni, da an rushe Kurmi da lungunanta tuntuni, suka kawo misalin Maroko, inda Faransawa zamanin Lyautey, daga 1912, suka gina sababbin garuruwansu a bayan ganuwar Fas da Rabat, tsofaffin biranen suka tsira har yau ana zuwa kallonsu.

Mun yarda da rabin wannan. Lalle layin Bature ya tsare wa birni kamanninsa, ya tsare masa alkalansa da makarantunsa na allo da na ilmi. Amma a tambaya, me aka biya? Abin da aka biya shi ne hanyar nan da Kano ta ke mai da baƙo ɗan gari. Bayarabe da ya zo zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sauka Ayagi, jikansa Bakano ne. Bayarabe da ya zo zamanin Sarki Abbas, garinsu ɗaya da na farkon, wataƙila ma Musulmi ne kamarsa, aka kai shi Sabon Gari, jikan jikansa har yau baƙo a ke ce masa. Mutanen ba su sake ba, iyakar ce ta sake. Dubi ma sunayen da aka sa wa titunan wurin, su Abeokuta, Warri, Aba, Firitawun, Gwalkwas. Kowace safiya mutum ya fito ƙofar gidansa allon titi na tuna masa cewa garinsu na can wani wuri. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, to, Gwamnati ta ɗauki karin maganar ta mai da ita doka, ta manta cewa wannan raɓa ta zo da mata da 'ya'ya, ta kuma gina soro.

Su kuma na cikin birni ba su tsira da hasara ba. Makarantun mishan da sana'o'in zamani suka taru a gefe guda, yaron Sabon Gari ya sami boko tun da wuri, yaron Yakasai ko Ɗandago bai samu ba sai kaɗan. Da aka zo raba aikin ofis da na reluwe da na kanti, sai ɗan birni ya ga baƙo ne a kan kujera a garin ubansa, shi kuwa na kan kujerar ya ɗauka ɗan birni malalaci ne. Ba su yi wasan ƙasa tare ba, ba su zauna aji ɗaya ba, sai a kasuwa su ke haɗuwa, kasuwa kuwa wurin ciniki ce, ba wurin sanin halin mutum ba. Cikin 1940 aka mai da Sabon Gari hannun En'e, amma sauya mai karɓar haraji bai share layin ba.

Cikin watan Mayu 1953 aka ga amfanin gonar da aka shuka. Rigimar siyasa ce ta taso daga majalisar Ikko kan maganar neman mulkin kai a 1956, da 'yan jam'iyyar Action Group suka zo Kano yin taro sai wuta ta kama. Aka kwana huɗu ana faɗa, mutum 36 suka mutu bisa ƙidayar Gwamnati, fiye da 200 suka yi rauni. Ina aka yi faɗan? A kan iyakar Fagge da Sabon Gari, daidai inda safiyo ya kafa turakunsa shekara 40 kafin nan. Maganin da hukuma ta samo kuwa shi ne a kwashe 'yan Arewa da ke Sabon Gari a fitar da su, a kwashe 'yan Kudu da ke Fagge a mai da su Sabon Gari, watau a ƙara wa layin kauri. Abin da ya faru cikin 1966 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, ba ma so mu tona shi a nan. Ba mu ce layin takarda shi kaɗai ya kashe mutane ba, masu kisa su ke da alhakin kisa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa da tsagarsa aka gina shi.

To, a wannan tsawon lokaci me ya sami ganuwa? Da fari dai an yi mata ladabi. Da mota ta zo aka bukaci hanya, zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka huda Sabuwar Ƙofa cikin 1937, aka yi mata ƙofa sosai kamar 'yan'uwanta, aka ba ta suna. Bayan haka sai ladabi ya ƙare. Mai gini ya zo da jaki ya ɗebi ƙasa, mai bola ya cika ramin, mai awon igiya ya yanka fuloti, wani ya jingina ɗakinsa da badala, wanda ya zo bayansa ya hau kanta ya yi bene. Ƙofofi aka rurrushe su don faɗaɗa titi, aka mayar da na siminti. Cikin 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga littafin kayan tarihin duniya na UNESCO, shekara uku bayan haka, cikin 2010, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda aikin hanya. Wanda ya bi titin da ya tashi daga Na'isa ya nufi Kabuga ya san yadda gine-gine suka tsaya a inda da rami da badala su ke. Cikin 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe kantunan da aka gina a Filin Idi, ta ce za a kwashi ɓaraguzan gine-ginen da ta rusa a gyara ganuwa da su, aka shiga kotu, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Mu ba mu shiga rigimar jam'iyyu ba. Abin da muka lura shi ne, wata gwamnati ta ba da fili, wata ta rushe, ganuwar kuwa ba wanda ya tsaya ya nuna wa jama'a daga ina ta tashi, ina ta bi.

Wani abin da ya ƙara mata maraici shi ne yawan iyaye. A takarda tana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Filin da ta ke kai gwamnatin jiha ke da ikon ba da shi. Ƙofofinta na da sarakunansu a ƙarƙashin masarauta. Tsohon birnin kuma an raba shi tsakanin ƙananan hukumomi uku, Birni da Kewaye, da Dala, da Gwale. Kowa na da hannu a kanta ran rabo, ba mai ita ran yaɓe.

Layin Bature kuwa lafiyarsa lau. Kalmar Waje tana nan a bakinmu. Unguwar Turawa ta zama ta manyan ma'aikata da attajirai, sai dai an sauya launin masu ita. Tun daga tsarin mulki na 1979 kuma aka shigo da maganar asalin jiha cikin rabon muƙamai, har ya zama yaro ba ya samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai ya kawo takardar shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukuma kaza ne. Ɗan'uwanmu mai farar takarda ya gaya mana shi tasa takardar sai da ya je wani gari da bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba ya karɓo, wurin mutanen da ba ya jin harshensu sosai. Hausarsa kuwa ta fi ta waɗansunmu daɗi. Da kakansa ya riga jirgin ƙasa isowa da shekara goma, da yanzu shi ke gaya mana ina iyakar Kano.

Ba mu ce a sake gina mil 11 na ganuwa ƙafa 50 ba. Babu kuɗin, babu gayyar, kuma mutanen da suka yi shekara da shekaru a kanta ba za a watsar da su a titi ba. Ba mu kuma ce a tashi Sabon Gari ko a cusa wa birni abin da addininsa ya ƙi ba. Roƙonmu ƙarami ne. Inda ganuwa ta rage a tsaye, a auna ta, a buga awon a fili inda kowa zai gani, a hana taɓa ta ko da wa ke mulki. Inda ta ɓace, a kafa alama ko a dasa itatuwa a bi sawunta, domin yaro ya san nan ta bi. Hukumomin nan kuma su zauna su fid da guda ɗaya wadda in damina ta ci wani gefe ita za a tambaya. Game da ɗaya iyakar, wadda ba a rushe ta da katafila, aikin ya fi faɗowa a kanmu mu malaman gobe, gama a aji a ke gadonta. In muka karɓi rajista muka ga sunan yaro ba irin namu ba, kada tambayarmu ta fari ta zama, "Kai ɗan ina ne?" Mu tambaye shi unguwarsu. In muka zo koyar da tarihin Kano kuma, kada mu tsaya ran da aka fasa Kabuga kamar daga nan labari ya ƙare, mu kai shi har 1913 da 1917 da 1953, mu gaya wa yara wa ya ja layin, da dalilin da ya bayar, da abin da ya biyo baya.

Mu 'yan ajinmu mun yi shawara, in Allah ya kai mu hutu, za mu taru a Ƙofar Mata da sassafe mu bi sawun ganuwa da ƙafa, ta Wambai da Mazugal da Ƙofar Ruwa, har mu kewayo, muna rubuta inda ta ke tsaye da inda ta kwanta da abin da aka gina a gurbinta. Kashegari ɗan'uwanmu zai ja mu daga Fagge mu shiga Sabon Gari, ya nuna mana gidan da kakansa ya gina. Malaminmu ya yi alkawarin aron igiyar awo. 'Yan'uwanmu na Zariya kuwa, tun da su ma birni da Tudun Wada da Sabon Gari gare su, muna so su gaya mana a fitowa ta gaba ko tasu iyakar ta fi tamu sauƙin ƙetarewa.